Motar Aron Baffa Hamadu

Ku da kuka zauna a unguwarmu ta Ɗan Agundi kun san cewa Baffa Hamadu, Allah ya jiƙansa, ba ya gaisawa da ɗan Adam da safe sai ya fara gaisawa da mota. Idan an idar da sallar asuba, sauran dattawa sukan tsaya a ƙofar masallaci ana tambayar kwanan iyali. Shi kuwa sai ya saɓa sandarsa a wuya, ya rataya hannuwa biyu a kanta kamar mai bin garke, ya nufi gindin darbejiyar ƙofar gidansa. A nan take, a ɗore a kan duwatsu, tsohuwar jif mai rufin tamfol, irin wadda likitocin dabbobi suke shiga daji da ita a zamanin da. Sai ya yaye buhunan da ya lulluɓe ta da su, ya dafa bonet, ya ce, "Nagge, kin tashi lafiya?" Nagge saniya ke nan da Fulatanci, kuma da wannan suna duk unguwa ta san ta. Daga nan ya zaro ƙarfen gwada baƙin mai, ya goge a gefen rigarsa, ya mayar, ya sake zarowa ya ƙura masa ido. Injin da ya shekara da shekaru bai ko yi tari ba, ban san inda Baffa yake tsoron man zai tafi ba.

Ni ɗan ƙanensa ne, a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina, saboda haka ina da ɗan bakin tambaya. Wata safiya na ce, "Baffa, ai man yana nan yadda ka bar shi jiya."

"Ka duba ne?"

"A'a."

"To, ni na duba."

Wanda ya kuskura ya jingina da ita kuwa, ko da limamin unguwa ne, zai ji an ce, "Malam, ɗan matsa. Ta mutane ce."

Baƙo yakan ɗauka zolaya ce. Ba zolaya ba ce, motar ba ta Baffa ba ce. Mu asalinmu mutanen ruga ne. Shekarar da ciwon bushiya ya shiga garken kakanmu, Baffa ya shigo birni daga shi sai sanda sai buta. Abokinsa na ƙuruciya, Alhaji Buba, wanda ya riga shi shigowa har ya zama babban dillalin shanu a Ƙofar Mazugal, shi ya sauke shi. A wajen kakanninmu akwai al'adar da ake kira haɓɓanaye. Idan ɗan'uwanka ya rasa dabbobinsa, sai ka ɗaura masa saniya aro, ta haihu a hannunsa, ya riƙe maruƙan, sannan ya koro maka uwar har gida da ƙafarta. Alhaji Buba ya ce shanun da ke hannunsa duk na kasuwa ne, babu wadda zai ɗaura. Sai ya miƙa wa Baffa makullin wannan jif da ya saya a gwanjo, ya ce, "Ga saniyarka. Idan ta haifa maka, ka dawo mini da ita."

Ta kuwa haifa. Da ita Baffa ya yi ta jigilar nono da hatsi da itace daga ƙauyukan da babbar mota ba ta shiga. Gidan da muka tashi a ciki, da auren 'ya'yansa, har da tawadar karatuna, duk maruƙanta ne. Yana cikin shirin mayar da ita, har ya sa an yi mata sabon fenti, sai wata rana injin ya yi wata irin ƙara a ƙofar gida, ya yi shiru. Kafin a gano abin da ya karye, Alhaji Buba ya rasu. Baffa ya dawo daga maƙabarta, ya zauna a kan tabarma yana kallon motar, ya ce wa matarsa Inna Mairo, "Tana tafiya aka ba ni. Tana tafiya zan mayar." Inna Mairo ta ce Allah ya ba da iko, a zatonta maganar wata ɗaya ce ko biyu.

Da aka raba gado, motar ta faɗo a rabon Hajiya Dije, babbar 'yar Alhaji Buba. Mace mai hankali, ta tako da kanta har zaurenmu, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baffa, a kan motar nan na zo. Na bar maka ita halak malak, duniya da lahira."

"Madalla, Allah ya yi miki albarka. Yaushe kika ba ni aronta?"

"Ai Baba ne ya ba ka."

"To, shi ne zai ce ya bar mini."

"Baffa, Baba fa ya rasu."

"Shi ya sa nake sauri."

Saurin nan shi ne ya ɗauki shekara ashirin da ɗoriya. Bayan tafiyarta na ɗan gwada nawa ilimin, na ce ai a fiƙihu kyautar magaji ta inganta, motar ta zama halaliyarsa. Ya ce, "Alaramma," haka yake kirana idan zai yi mini ba'a, "fiƙihun ya ce halal ne in karɓa. Ya ce dole ne?" Na ce bai ce ba. Ya ce, "To, a gaida fiƙihu."

Da Baffa ya yarda da shawarar Ɗanlami makanike, da tuni an wuce wurin. Ɗanlami yana da gareji a bayan ganuwa, kuma shi kaɗai Baffa ya yarda ya sa sifana a jikin Nagge. Tun duban farko ya ce, "Baba, irin wannan injin an daina yin sa tun ban san kaina ba. Mu ciro shi mu jefa mata na Beljiyam, mako ɗaya ka ji ta tana gurnani."

Baffa ya ce, "Injiniya, idan aka ba ka aron farar saniya, jaki za ka mayar ka ce ai shi ma ƙafa huɗu gare shi?"

"Baba, ai a ciki yake. Wa zai gani?"

"Buba zai gani."

Daga ranar aka shiga neman kayan asali, noti bayan noti. Baffa yakan tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a ƙasa, don a cewarsa kuɗin adaidaita sahu na zuwa da dawowa ya isa filogi guda. Kuma ba ya sayen ƙarfe yadda mutane suke saye. Yadda ake sayen saniya a kara haka yake yi. Ya juya, ya ƙwanƙwasa da zobensa ya saurara, ya shinshina, sannan ya tambayi asali.

Na raka shi ranar da ya samu lagireto irin nata. Ya ce da mai shagon, "Me ya kashe uwarsa?"

"Baba, ƙarfe ne fa."

"Na san ƙarfe ne. Motar da aka ciro shi, me ya kashe ta?"

"Hatsari ta yi a hanyar Zariya."

"An yi asarar rai?"

Mai shago ya sosa ƙeya ya ce direban dai bai tashi ba. Baffa ya ajiye lagireton a hankali, ya yi wa direban addu'a, ya goge hannunsa, muka tafi. Shekara guda muka ƙara kafin a samu wani. Amma labari ya zaga kasuwa. Tun daga nan, duk ƙarfen da Baffa ya ɗaga, sai ka ji an ce daga motar wani tsohon limami aka ciro shi, wanda ba ya hawanta sai ranar Juma'a, kuma ita ma tsufa ne ya kashe ta a kan gadonta. Baffa yakan saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ikon Allah. Limaman Kano dai sun tara motoci." Sannan ya taya rabin kuɗin.

Wadda ta fi ba mu wuya ita ce kafireta, wato abin da ke haɗa fetur da iska ya ba injin. An ce mana akwai 'yar'uwar Nagge a wani ƙauye bayan Ɗambatta, a yashe a bayan gidan wani dattijo. Muka yi sammako, muka sha mota, muka sha tafiyar ƙasa, sai bayan azahar muka isa. Ga ta kuwa, ciyawa ta fito ta cikin ƙasanta. Dattijon ya ce mu ciri abin da muke so, ko me muka ba shi ya gode. Na ɗaga bonet, sai ga kaza kwance a kan ƙwai, ta yi sheƙa daidai jikin kafiretar, tana hararmu.

Mai gidan ya ɗaga hannu zai kore ta. Baffa ya riƙe hannun.

"Haba, Malam. Uwa ce a kan 'ya'yanta."

"Alhaji, ai sai a matsar da ƙwan can gefe."

"Idan ta ƙi komawa fa? Alhakin wa?"

Ya sa ni na mayar da bonet sannu a hankali, kada ta firgita, muka juyo Kano hannu rabbana. Da muka ƙiyasta ta ƙyanƙyashe, muka koma. Wata kazar ta hau. Na dubi Baffa, Baffa ya dubi kazar, ya ce, "Ita ma ai ba ta yi laifi ba." Sai a zuwa na uku muka tarar da wurin babu kowa, kuma ina kyautata zaton dattijon ne ya kwana biyu yana gadi. Da za mu taho, ya haɗa mana da 'yan tsaki biyu, ya ce Baffa ya fi shi haƙƙi a kansu.

Muka shigo gida, Baffa yana rungume da kafireta a naɗe cikin rawani, ni ina riƙe da kwalin 'yan tsaki. Inna Mairo ta leƙa kwalin, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau dai harkar motar nan ta kawo abin da yake motsi da kansa."

Sai maganar littafi. Wannan ta haɗa da Kabiru, babban ɗan Baffa, ma'aikacin ofis. Kabiru ya taɓa yin kuskuren kawo 'yan gwangwan da ma'auninsu, wai su dai yi wa motar kuɗi a ji. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ba su ruwa suka sha, ya raka su har bakin titi, ya dawo. Amma daga ranar, tsakaninsa da Kabiru sai "ina kwana" da "lafiya lau". Aka daɗe a haka. Don ya wanke kansa, Kabiru ya shiga intanet ya yi ta lalube har ya samo littafin gyaran irin wannan mota, ya kai shagon kwamfuta aka buga masa, tuli guda, ya kawo ya ajiye a gaban mahaifinsa.

Baffa ya buɗe daga dama, ya ga ashe ƙarshen ke nan. Ya juya, ya ɗan jima yana kallon hoton shafin farko, ya rufe.

"Karatun da ake farawa ta hagu ban saba da shi ba. A mayar mini da shi ajami."

Kabiru ya ce, "Baba, ai sai in riƙa karanta maka wurin da ake bukata."

"Idan kana ofis fa? In aika a ce wa gwamnati ta ba ni aronka?"

Haka muka buɗe makaranta a zaure. Kullum bayan la'asar Kabiru zai zo daga ofis, ya fassara Turancin da Hausa, ni in rubuta da alƙalamin kara da tawada, Baffa yana kishingiɗe yana musu da marubucin. Idan littafin ya ce a canza baƙin mai bayan tafiya kaza, sai Baffa ya ce wannan Baturen bai taɓa shiga fadamar Wudil da damina ba. Ya sa in rubuta a gefen shafi, yadda ake yi wa littattafan ilimi sharhi, cewa Hamadu ya ce ba haka ba ne. Kusan kowane shafi yana da irin wannan. Inda littafin ya ce idan abu ya faskara a kai motar wurin wakilin kamfani, Baffa ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ka ji irin malaman nan. Da tambaya ta yi tsauri sai su ce je ka wurin wane."

Muka zo wani babi a kan yadda ake tayar da mota idan ƙanƙara ta rufe ƙasa fari fat. Kabiru ya ce wannan sai mu tsallake.

Baffa ya dube ni. "Alaramma, a makarantarku ana tsallake shafi?"

"Ba a yi, Baffa."

Kabiru ya ce, "Baba, ƙanƙara irin wannan ba ta sauka a Kano."

"Wanda ya saukar musu, mu ne zai gagare shi?"

Muka rubuta babin ƙanƙara kaf. Yana nan a wurina, idan ranar ta zo mai bukata ya neme ni.

Mun ci fiye da rabin littafin, damina ta wuce, sai wata rana Kabiru ya tsaya cak a tsakiyar jimla. Ya koma baya, ya yi gaba, ya sake komawa. Ya ce tun da muka fara bai ga inda aka ambaci kafireta ko filogi ba. Ashe irin motar iri biyu aka yi, mai fetur da mai gas. Nagge mai fetur ce. Littafin na mai gas ne.

Da ƙyar ya iya cewa, "Baba, ka yi haƙuri. Ba nata ba ne."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun ranar da ka kawo. Hoton farko babu filogi ko ɗaya."

"To, Baba, me ya sa ka bar mu muna ta wahala wata da watanni?"

"An riga an biya kuɗin bugawa. A zubar?"

Kabiru ya fita yana girgiza kai, ni kuma na shiga wanke alƙalami. Sai da ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, Baffa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaushe rabon da yaron nan ya zauna kusa da ni daga la'asar har magariba?" Washegari ya ce a ci gaba daga inda aka tsaya, ba a barin littafi a rabi. Kabiru ya zo. Har muka sauke.

Bayan wannan Kabiru ya fi kowa shiga neman kaya. Shi ya samo babban ƙarfen cikin injin, wanda ya karye tun farko, a hannun wani mutum a Jos. Baffa ya karɓi wayar Kabiru ya yi wa mutumin tambayoyin asali har kati ya ƙare. A lokacin kuwa yanar ido ta fara rufe wa Baffa gani. Likita ya ce aiki ne ƙarami, a yi shi yanzu. Baffa ya ce sai ya mayar da kayan mutane tukuna, don an ce bayan aikin ba a son hayaƙi da ƙura. Inna Mairo ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta haɗa shi da liman. Ya ce da liman, "Malam, idan na mutu da ido biyu da motar Buba a ƙofar gidana, da wane idon zan dube shi?" Liman ya sha ruwa ya tafi. Mu dai muna gani ƙarfinsa yana raguwa, sandar da yake saɓawa a wuya ta koma ta dogarawa. Kowa a gidan ya san tsere ake yi, ba wanda ya furta.

Wata Asabar da hantsi Ɗanlami ya ɗaure noti na ƙarshe, aka sauke ta daga kan duwatsu a kan tayoyinta. Ya zura ƙarfen da ake wana injin da shi ta gaba, ya yi bismilla, ya wana. Shiru. Ya sake. A karo na ban san nawa ba sai ta yi atishawa, ta yi tari, ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe lungu, awaki suka watse, mutane suka fito daga gidaje. Inna Mairo ta leƙo daga zaure da mayafi a baki, ta ce, "Ashe dai da gaske tana da murya."

Baffa ya shiga ya sako farar rigarsa ta Idi, ya nufi wurin direba, wanda a irin wannan tsohuwar mota a hannun dama yake. Kabiru ya tare shi.

"Baba, bari Ɗanlami ya ja. Idonka."

"Ɗanlami aka ba aro?"

Aka daidaita a kan ni zan zauna a gefensa in zama ido. Muka ɗauki hanyar Mazugal ta cikin gari.

"Baffa, ga mai rake a gabanka."

"Na gan shi."

"Abin da kake kauce wa akuya ce. Mai raken yana hagu."

"To, ita akuyar a taka ta?"

Ba mu taka kowa ba, don tafiyar ba ta kai a taka wani ba. Kabiru da Ɗanlami suna biye da mu a ƙasa, ko haki ba sa yi. Wani mai tura kurar ruwa ya cim mana, ya gaishe da Baffa, ya tambayi iyali, ya wuce. Masu adaidaita sahu suka yi ta danna oda a bayanmu, sai sun zo wucewa su ga farin gemu da farar riga, su sassauta su ce, "Baba, a sauka lafiya." Shi kuwa hannunsa biyu a kan sitiyari, bakinsa yana motsi, fuskarsa kamar ta ango.

Mun shiga layin su Hajiya Dije, har ina hango ƙofar gidan, bai fi jifa da dutse ba, sai na ji wata ƙara daga cikin injin, kamar an saki taɓarya a turmin da babu komai. Motar ta yi gaba kaɗan da sauran ƙarfinta, ta tsaya. Ɗanlami ya ɗaga bonet, ya daɗe a ciki. Da ya ɗago bai dubi Baffa ba, ni ya duba. Ya matso ya ce a hankali, "Injin ya buga. Wannan kam sai dai wani."

Baffa ya ji. Kunnensa bai taɓa samun yana ba.

Samarin layin suka taru, suka ce, "Baba, ai an iso. Bari mu tura ta ƙofar gidan." Har sun dafa. Baffa ya ce su cire hannunsu. Ya ce saniyar da aka kawo a kafaɗa nama ce. Ya zauna a wurinsa, hannu a kan sitiyari, yana kallon gaba, inda na san ba ya ganin komai sai hazo. Rana ta take. Kabiru ya tsuguna a gefen ƙofar yana roƙonsa ya sauko ya sha ruwa. Na san Baffa tun ina yaro, na gan shi ranar da ya binne 'ya'ya, ban taɓa ganin haɓarsa tana rawa ba sai ranar. Duk wanda ke wurin ya san babu sauran wasu shekaru da za a sake nemo wani injin.

Ana haka sai ga Hajiya Dije ta fito, ita ma ta manyanta, tana takawa a hankali, riƙe da ƙwaryar fura. Ashe an shiga an gaya mata. Ta zagayo ta gefen direba, ta rusuna ta gaishe shi kamar sun haɗu a gidan suna.

"Baffa, sannu da hanya. Ku yafe ni, ni na yi laifi, ban fito da wuri ba."

Baffa ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Dije, ba ta ƙarasa ba."

"Ta ƙarasa mana. Baffa, kai da kake koya mana al'ada? Saniyar haɓɓanaye ai ba ta kutsawa cikin garke da kanta. Idan ta hango gida sai ta tsaya, har mai ita ya fito ya kama igiya. Ta ga ba a fito ba ne, ta ji kunya."

Baffa ya juyo da fuskarsa wajenta.

"Haka ake yi?"

"Haka Baba ya gaya mini."

Can ya ce, "Buba ya fi ni sanin al'ada." Ya lalubi makullin ya zare, ya sauko da taimakon Kabiru, ya riƙe shi da hannu biyu ya miƙa mata. Ya ce, "Ga saniyarku. Ta haifa mini, na gode. Allah ya jiƙan mai ita." Ta karɓa da hannu biyu, ta ce ta karɓa a madadin mahaifinta, babu sauran komai a wuyansa. Sannan ya zauna a kan dakalin wani gida ya shanye furar nan tas, har ya ce nonon an yi masa ruwa.

Daga baya na bi dattawanmu na ruga ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya zo birni sai na tambaye shi wannan ƙa'ida ta saniya mai tsayawa a bakin garke. Babu wanda ya taɓa jin ta. Na rasa yadda zan yi, na je na gaya wa Baffa, lokacin an yi masa aikin ido yana kwance da bandeji.

Ya ce, "Ni ma ban taɓa ji ba."

"To, Baffa, ka kuwa karɓa?"

"Alaramma, mai saniya ta ce saniyarta ta iso. Ni ɗan aro, in yi musu da ita?"

Motar tana nan inda ta tsaya. Hajiya Dije ta sa an yi mata rumfa, ta kuma hana a matsar da ita ko taku ɗaya, masu layin suka haƙura suna zagayewa. Baffa bai sake zuwa ya duba ta ba. Ya ce leƙen abin da ka mayar rashin kunya ne.

Idon ya buɗe, ya samu ya ga jikokinsa da kyau, ya ce wasu ya zaci sun fi haka kyau. Damina ta gaba, bayan gajeriyar jinya, Allah ya karɓi abinsa. Ni na yi masa wanka. Ina zuba ruwan ina tunanin cewa mutumin da ya ƙi sakin jiki da ƙarfen aro, da wuya a ce ya yi wasa da ran da aka ba shi aro.

Ya Allah, bawanka Hamadu ya taho maka da abin da ka ba shi. Idan tafiyarsa ta gaza a kusa da ƙofa, kamar yadda ta kowannenmu take gazawa, ka tarye shi da rahamarka, ka ce ya iso. Ka haɗa shi da amininsa Buba a inuwa ɗaya, ka yi wa Dije albarka, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Amin.